Nasiha Ga Matasan Rano Da Kibiya A Kan Abin Da Ya Fi Cancantar Mamaki

Ina fuskantar da wannan magana gare ku, ya ku ƙannena da 'ya'yana na ƙasar Rano da Kibiya, maza da mata, da waɗanda ke makarantun boko da waɗanda ke durƙushe gaban malaman zaure, tun daga Rurum da Saji da Lausu har Tarai da Durba da Fammar. Idan aka tara mutane aka tambaye su abin da ya fi ba su mamaki cikin sha'anin kimiyya, mafi yawansu za su ambaci wayar da ke ɗauko muryar ɗan'uwa daga Makka cikin ƙiftawar ido, ko jirgin da ke tashi da ɗaruruwan alhazai lokaci guda, ko mutanen da suka taka wata a shekarar 1969. Ba na musun cewa waɗannan abubuwa ne na ban al'ajabi. Amma akwai abin da ya fi su, wanda kuma shi ne ya haife su baki ɗaya, watau cewa halittar nan tana tafiya bisa ƙa'ida da mizani waɗanda ba sa saɓawa, kuma an bai wa ɗan Adam, duk da rauninsa da gajartar kwanansa, hankalin da zai gano wannan ƙa'ida, ya rubuta ta da alƙalami, har ya faɗi abin da zai auku tun bai auku ba. Manufata ita ce in nuna muku cewa ƙofar wannan ilmi tana nan a garinku, a buɗe, kuma ba a biyan ko kwabo kafin a shiga.

Mu fara da sana'ar da aka san ƙasarku da ita. Masu ba da labarin Hausa Bakwai, da suka zo rarraba wa kowace ƙasa aikinta, sun ce Katsina da Daura sarakunan kasuwa ne, Gobir sarkin yaƙi, Kano da Rano kuwa sarakunan baba, saboda noman baba da rini da aka shahara da su. Wanda duk ya taɓa tsayawa a bakin karofi, ko a Ƙofar Mata ta birnin Kano ko a Kura inda ake rina turkuɗin da Buzaye ke rawani da shi, ya ga wani abu wanda ya isa ya tsayar da mai hankali. Marini zai zuba baba da toka da katsi cikin ruwa, ya bar su kwana da kwanaki yana motsawa da muciya, har ruwan ya yi wari, kumfa mai shuni ta taso bisa kansa. Sa'an nan ya tsoma farin ƙyalle, ya juya shi, ya tsamo. To, abin lura, ƙyallen ba ya fitowa da shuɗi. Yana fitowa ne da launi tsanwa-tsanwa mai ratsin rawaya, sai ya sha iska, kana kallonsa yana rikiɗa a hannun marini, daga gefe zuwa tsakiya, har ya koma shuɗi. Kuma kowace tsomawa da shan iska tana ƙara masa duhu.

Kakanninku sun ƙware a wannan aiki iyakar ƙwarewa, har marini yakan gane da hanci da ido ko ruwan ya kai ko da saura. Bayanin da masu ilmin kimiyya suka zo da shi kuwa shi ne, shuni a halinsa na shuɗi ba ya narkewa cikin ruwa, don haka ba zai iya kama zare ba. Akwai waɗansu ƙwayoyin halitta ƙanana, waɗanda ido ba ya gani, da ke rayuwa cikin ruwan karofi. Su ne ke cinye iskar oksijin da ke ciki, su juyar da shunin zuwa wani hali da yake narkewa cikin ruwan toka, ya ratsa cikin zaren. Da an tsamo ƙyalle iskar oksijin ta sake taɓa shi, sai shunin ya koma asalinsa, ya daskare cikin zare, ya ƙi fita. Wani Bajamushe mai suna Adolf von Baeyer ya shafe shekaru masu yawa yana bin diddigin wannan launi, ya gano yadda ƙirarsa take a 1883, kuma a 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka harhaɗa a masana'anta ba tare da ganyen baba ko ɗaya ba. Cikin 'yan shekaru noman baba ya durƙushe a Indiya, daga baya kuma shunin Bature ya iso kasuwanninmu. Ku dubi wannan da idon basira. Mu muna da sanin yadda ake yi, wasu suka nemi sanin dalilin da ya sa yake yiwuwa, kuma mai dalili shi ya tafi da kasuwar. Ba na faɗin haka don rage darajar magabata, domin su sun sauke nauyin zamaninsu da abin da ke hannunsu. Ina faɗi ne don ku san nauyin da ya rage a kanku.

Sai kuma inuwa, wadda kowa ke da ita kuma ba kasafai ake kula da ita ba. Duk wanda ya karanta babin lokutan salla a Risala ko Iziyya ya san cewa azahar tana shiga idan rana ta gota daga tsakiyar sama inuwa ta fara ƙaruwa, la'asar kuwa idan inuwar kowane abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali. Ladanan da suka gabata, tun babu agogo, da taku suke auna inuwarsu. Wannan awo na fiƙihu ƙofa ce ta shiga ilmin handasa, ga kuma yadda za ku tabbatar da kanku. Ku kafa sanda a miƙe a fili mai shimfiɗa, kusa da wata kuka ko rimi, ku jira har lokacin da inuwar sandar ta yi daidai da tsawonta; a wannan lokaci ku auna inuwar itacen tun daga gindinsa, to abin da kuka samu shi ne tsawonsa, ba tare da kowa ya hau ba. Dalili kuwa, hasken rana yana sauka kan sanda da kan itace da karkata iri ɗaya, saboda haka nisbar tsawo da inuwa ɗaya ce ga ƙarami da babba. Wanda ya fahimci wannan ba sai ya jira inuwa ta daidaita ba: idan sanda mai mita 1 ta ba da inuwar mita 2, itacen da inuwarsa ta kai mita 30 tsawonsa mita 15 ne.

Idan kuka bar sandar nan a kafe shekara guda kuna duba ta kowace tsakar rana, za ta gaya muku abin da ya fi wannan. Rano da Kibiya suna wajen daraja 11 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai bisa kawunanku, wajen 20 ga Afrilu da wajen 23 ga Agusta, kuma a tsakar ranar waɗannan kwanaki sanda miƙaƙƙiya ba ta da inuwa, sai abin da ba a rasa ba. Tsakanin waɗannan kwanaki biyu inuwar tsakar rana tana faɗuwa kudu, sauran shekara kuwa tana faɗuwa arewa, ta fi tsawo cikin Disamba lokacin hunturu. Mutanen Ingila da Faransa ba su taɓa ganin rana bisa kansu haka ba a ƙasashensu, ku kuwa kuna da ita kyauta. Haka kuma rana takan tsaya daidai bisa Ka'aba sau biyu a shekara, wajen 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe, da wajen 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27 na safe a agogon Nijeriya. Duk wanda ya fuskanci rana a wannan lokaci ya fuskanci alƙibla, kuma inuwar sanda ta zana masa layin a ƙasa. Yaro ɗan aji uku zai iya duba alƙiblar masallacin unguwarsu da wannan hanya, da ladabi, tare da izinin liman.

Duwatsun nan da suka kewaye Rano, waɗanda kuke hawa kuna hango gonaki da rugage, masu ilmin ƙasa sun nuna cewa narkakken dutse ne da ya sandare can ƙarƙashin ƙasa tun ɗaruruwan miliyoyin shekaru, ruwa da iska suka yi ta kwashe abin da ke rufe da shi har ya bayyana. Zafin rana da sanyin dare da ruwan damina kuma suna ta ɓare masa fata, shi ya sa kuke ganin faffaɗan ɓawo yana tashi daga jikinsa. Da irin wannan tsauni ne Abu Raihan Albairuni, kusan shekara 1,000 da suka wuce, ya auna girman duniya a wani wuri da ake kira Nandana, cikin ƙasar Pakistan ta yau. Ya fara auna tsawon dutsen daga ƙasa, sa'an nan ya hau ƙololuwarsa ya auna gwargwadon yadda idonsa ke sunkuyawa kafin ya kai inda sama ta haɗu da ƙasa, ya haɗa adadin biyu da ƙa'idar handasa, ya fitar da nisan da ke tsakanin bayan ƙasa da cibiyarta. Abin da ya samu kuwa ya yi kusa ƙwarai da kilomita 6,371 da aka tabbatar a zamaninmu. Kayan aikinsa ba su wuce dutse da ma'aunin kusurwa da alƙalami ba, sai kuma haƙuri.

Daga ƙasa mu ɗaga kai sama. Manoman ƙasarmu da malamansu sun daɗe suna lissafin damina da taurari, suna cewa yau Zira'a ta kama, ko Nasara, ko Ɗarfa, ko Jabha, suna gane lokacin shuka da na noma da na ɗaukewar ruwa. Masaukan taurarin nan 28 ne, kowane yana da kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14. Ku ninka 27 sau 13 ku ƙara 14, za ku sami 365, watau kwanakin shekarar rana cif. Shekarar wata kuwa kwana 354 ce, ta gaza da kusan kwana 11, wannan ne ya sa azumi yake zagayawa daga bazara zuwa hunturu zuwa kaka zuwa damina, har ya komo inda ya fara bayan kimanin shekara 33. Saboda haka manomi yake ibada da wata, yake shuka da taurari, kuma dukkan lissafin biyu daidai ne, kowane a muhallinsa.

Babu inda ƙarfin lissafi ya fi bayyana kamar wajen husufi. Ranar Laraba, 29 ga Maris 2006, da hantsi, wata ya shiga tsakanin rana da ƙasa, duhu ya rufe Gusau da Katsina, a ƙasar Kano ma hasken ya dusashe ƙwarai; yayyenku da iyayenku sun shaida. Abin da nake so ku riƙe shi ne, tun shekaru kafin wannan rana masu ilmin falaki sun rubuta kwananta da sa'arta da garuruwan da inuwar za ta bi, kuma ba ta saɓa ba. Faɗin rana ya ninka na wata kusan sau 400, nisanta daga gare mu kuma ya ninka nasa kusan sau 400, shi ya sa ƙaramin yake iya rufe babbar daidai wa daida. A nan wajibi ne ku rarrabe tsakanin hisabi da duba. Mai hisabi yana gaya muku inda wata zai kasance, ya nuna muku hanyar da ya bi, kowa ya iya bi ya gwada shi. Mai duba kuwa yana da'awar cewa taurari sun gaya masa wa za ka aura da ranar da za ka yi arziki, ya ɓoye hanyarsa, ya karɓi kuɗinka. Ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin da rasuwar, sai Manzo ya gyara musu fahimta, ya sanar da su cewa husufi ba ya aukuwa don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarce su da salla. Wannan tarbiyya ce ta hankali, wadda ta yanke camfi tun daga saiwarsa alhali zuciya tana cikin baƙin ciki.

Na san da yawa daga cikinku suna gudun darasin lissafi, har wasu na cewa ilmin Nasara ne wanda ba ruwan Musulmi da shi. Wannan magana jahilci ce da tarihinmu. Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma babban kaso na littafin a kan mas'alolin gado da wasiyya ne. Ku ɗauki wannan mas'ala da kowane ɗalibin mirasi ya sani: mace ta rasu ba ɗa ba iyaye, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su kuma suna da sulusi biyu. Idan aka kasa dukiya kashi 6, miji zai ɗauki 3, su ɗauki 4, jimla 7 ke nan, ta zarce abin da ke akwai. Zamanin Sayyidina Umar aka warware irin wannan da abin da ake kira auli, watau a kasa dukiyar 7 maimakon 6, ragin ya hau kan kowa gwargwadon rabonsa. In naira 700,000 ce, miji ya karɓi 300,000, kowace 'yar'uwa ta karɓi 200,000. Garin da ya rasa wanda ya iya kasafi, marayunsa da matansa ne za a fara cuta.

Kuma kada ku zaci sai Bagadaza. Muhammad ɗan Muhammad Alfulani Alkatsinawi ya tashi a Katsina, ya yi karatu a ƙasar Hausa da wajenta, ya tafi hajji, ya rubuta littafi a kan ƙa'idojin tsara hatimi wajen shekarar 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741 yana baƙon malami Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Masu tarihin lissafi na duniya suna ambatonsa har yau saboda hanyoyin da ya shimfiɗa na cika hatimi mai gidaje mara. Ku ajiye batun laya a gefe, ku dubi lissafin tsantsa. A jera 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa; ta ko'ina aka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 ake samu. Don me 15? Domin jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, layuka kuwa 3 ne. Don me 5 ke tsakiya? Domin layuka 4 ne ke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60, sun taɓa kowane gida sau ɗaya, na tsakiya kuwa sau 4. Rarar 15 da ke tsakanin 60 da 45 ita ce adadin tsakiya sau 3, don haka ba makawa ya zama 5. Wannan shi ake kira hujja, kuma daɗin da zuciya ke ji idan ta kama hujja da kanta, ba a gaya mata ba, shi ne abin da ya riƙe masu lissafi a kan allunansu tsawon rayuwa. Ku gwada hatimi mai gida 25, ku nemo jimlar layinsa tun kafin ku fara cika shi.

Amfanin wannan ilmi kuma yana gabanku. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2, kowane kubik mita kuwa lita 1,000 ne. Ruwan da ke bin babbar hanya ta Ruwan Kanya ya isa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure gangara kawai yake bi, domin masu awo sun lissafa saukar ƙasa taki bayan taki. Da sun kuskure kaɗan, da ruwan ya tsaya ko ya ci bakin hanyarsa. Shinkafa da tumatir da alkamar rani da kuke gani 'ya'yan wannan lissafi ne. A gonakinku na tudu ma, ku tuge gyaɗa ko wake ku dubi ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa. Cikinsu akwai ƙwayoyin halitta da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi taki, wannan ne sirrin haɗa wake da gero ko dawa da iyayenku ke yi. Gawo kuma, da ke kaɗe ganyensa da damina ya yi kore da rani, yana zuba wa shuka taki ya kuma bar mata haske daidai lokacin da take bukata. Ƙasar nan tana jiran 'ya'yanta da za su auna waɗannan abubuwa, su gaya wa manomi gwargwadon buhun takin da zai iya ragewa.

Nasihata gare ku ga ta. Kowannenku ya sami littafi guda na rubuta abin da ya gani da idonsa, da kwanan wata: ranar ruwan farko, tsawon inuwar tsakar rana kowace Juma'a, ranar da shamuwa ta iso, kwanakin da gero ya ɗauka daga shuka zuwa bunni. Gani ya kori ji, rubutu kuma ya fi tuni aminci. Kada ku wuce ƙa'ida a darasi sai kun san dalilinta, domin hadda ba tare da fahimta ba tana zubewa washegarin jarrabawa. Ku tambayi malaminku, ku tambayi tsohon marini da maƙeri da mai haƙar rijiya da ungozoma, da tawali'u, domin matambayi ba ya ɓata, kuma a ƙirjin waɗannan dattawa akwai ilmin da ba a rubuta ba tukuna. Ku nisanci satar amsa kamar yadda kuke nisantar tauye mudu, saboda injiniyan da ya ci jarrabawa da sata gadarsa za ta rufta da bayin Allah, ma'aikaciyar jinyar da ba ta iya kasafi ba kuma za ta kuskure awon maganin jariri. In awonku ya saɓa wa abin da kuke fata, ku rubuta abin da kuka samu, domin gaskiya ita ce sharaɗin farko na wannan ilmi kamar yadda take sharaɗin shaida.

Ku kuma 'yan mata, wannan magana taku ce kamar yadda take ta 'yan'uwanku maza, kuma asibitocin Rano da Kibiya suna bukatar likitoci mata daga cikinku. Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya tun 1977, ga Jami'ar Bayero, ga jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, duk tafiyar yini ɗaya ba ta kai ba daga ƙofar gidajenku. Ku nemi shiga, ku dage, in kun samu kuma ku komo da abin da kuka koyo ku yi wa mutanenku aiki. Allah ya buɗa ƙirazanku, ya ba ku ilmi mai amfani da malamai masu tausayi, ya saka wa iyayenku da ke ɗawainiyar karatunku da alheri, ya sa ƙasar Rano da Kibiya ta ci moriyarku, amin.